Gonata a Tsaye Take

Taku bakwai ne tsakar gidanmu a Tudun Jukun,
na auna da ƙafata ranar da muka tare.
Uku na igiyar shanya,
biyu na murhu da randa,
ragowar na babur ɗin mai ɗakin ƙurya.
Ƙasa ta ƙare.
Sai na ɗaga kai, na ga bango
tsaye a banza, ba ɗan haya ko ɗaya a jikinsa.

Mahaifina a fadamar Galma ya tsufa,
tsakanin rake da albasa,
har ranar da magada suka zauna da alƙalami,
gona ta koma kuɗi, kuɗi suka koma labari.
Ni na ce a bar min garma,
da fartanya mai ƙotar marke,
wadda tafin hannunsa ya goge har tana sheƙi.
Na rataye su a ƙusa. Shekara huɗu suna kallona.

Na zaga bayan kasuwar Tudun Wada,
na samo jarkokin mai, na farke musu ciki,
gorunan ruwa, na huda gindinsu da ƙusa mai zafi,
buhun siminti biyu,
da takalmin roban Sagiru, ƙafar hagu,
ta daman tun bara kwata ta tafi da ita.
Ƙasa kuwa a baro aka turo min daga bakin Kubanni,
na cuɗa ta da toka da kashin awakin Goggo Lanti.

Attaruhu a hawan sama, shi ne mai son rana.
Ƙarƙashinsa yakuwa, sannan alayyafo.
Abin da ya tsiyayo daga na sama, na ƙasa ke sha,
a nan ɗigo ba ya faɗuwa banza.
Na'a-na'a na cikin takalmi,
ba ta taɓa tambayar wa ya sa shi ba.

Garma ta fi ƙarfin wannan gona.
Da cokalin shayi nake huɗa,
da tsinken tsire nake tono ciyawa,
buta ce injin ban-ruwana,
almakashin ɗinki ya karɓi aikin lauje.
Sagiru na riƙe tsani, yana hamma,
ni ina can sama ina noma da yatsu uku.
Da Baba zai gani, sai ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Alhaji Tukur ya zo karɓar kuɗin wata,
ya shafa bango, ya duba tafinsa:
"Ɗaki na ba ku haya, ko fadama?"
Ban ce uffan ba. Na liƙa leda bayan jarkoki,
na ɗaure masa alayyafo dami guda.
Ya fita yana ƙunƙuni.
Ran Juma'a ya aiko yaro, wai ko yakuwa ta yi.

Kabewa ce ba ta ji magana ba.
Daga buhun siminti ta miƙa hannu,
ta laluba, ta kama ƙotar garma,
ta naɗe ta sau uku kamar mai gaisuwar tsohon sani,
ta taka, ta haye katanga,
ta faɗa gidan da ban san kowa ba.
Na ce shi ke nan, na shayar da ta wasu.

Bayan ɗaukewar ruwa aka yi sallama da la'asar.
Wata yarinya, faranti a ka, rabin kabewa ja wur.
"In ji Mamata, uwar a gidanku take,
'yar kuwa a kan rufin kajinmu aka haife ta.
Wai ga rabonku."

Daren nan taushe muka sha, har Goggo Lanti.
Da safe na sauko da garmar Baba,
na share tsatsa da bakin zanena,
na kwantar da ita inda rana ke fara sauka,
na baza 'ya'yan kabewa a kanta su bushe.